An yi wa Baba tiyatar dajin baki, likita ya ce sai gashi, baffannina sun ƙi

Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi nan Gombe, shekarunsa 61. Wani gyambo ya fito masa a gefen harshe ya ƙi warkewa, da aka gwada aka ce daji ne. Yau sati uku da yi masa tiyata, an cire gefen harshen da wasu ƙwayoyi a wuyansa. Alhamdulillahi ya fara shan kunu, yana magana kaɗan-kaɗan. Yanzu likita ya ce sai an tura shi gashi na sati shida, wato a riƙa haska wurin da na'ura don kashe ƙwayoyin daji, wataƙila har da kemo, maganin daji da ake ƙarawa ta jijiya. Baffannina sun ce ba za a yi ba, tunda an cire ciwon me ya rage, ga shi kuma wani maƙwabcinmu da aka kai gashi bai yi wata uku ba ya rasu. Goggo ta ce idan aka yi masa, jikokinsa ba za su ƙara zama kusa da shi ba. Baffa babba ya ce a bari ya murmure sai bayan kaka a duba. Baba dai bai ce komai ba. Ni nake jinyarsa, kaina ya ɗaure. Gashin nan yana da haɗari ne? Me zai yi masa?

Wata 'yar'uwa daga Gombe

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jinya. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Maganar Baffa ta a bari sai bayan kaka ita ta fi tayar mini da hankali, don haka da ita zan fara. Ƙa'idar da likitocin daji ke bi ita ce a fara gashi cikin sati shida da yin tiyata, muddin wurin ɗinkin ya kame. Kun ci uku. Ukun da suka rage kuma ba na hutu ba ne, domin a cikinsu za a karɓi takardar turawa, a ga likitan haƙori, a sami gurbi a cibiyar gashi, a ɗauki hoto, sannan likitoci su zauna su tsara inda hasken zai bi, wanda shi kaɗai yakan ci sati ɗaya zuwa biyu. Dalilin gaggawar kuwa, idan akwai ragowar ƙwayoyin daji a wurin, bayan tiyata ne suke hayayyafa da sauri. Yau 'yan kaɗan ne, kashe su da sauƙi. Nan da wata uku sun zama ƙari. Dajin baki kuma idan ya dawo, tiyata ta biyu ta fi ta farko girma nesa ba kusa ba, wani lokaci har da ƙashin muƙamuƙi, kuma ba kowa ake iya sake yi wa ba.

Tambayar baffanninki ta me ya rage tambaya ce mai kyau, kada ki ɗauke ta jahilci. Ki ba su amsa da abin da suka sani. Manomin da ya tuge ƙuduji a gonar dawarsa ya san bai gama ba, saboda irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yana nan kwance a ƙasa yana jiran damina. Likitan tiyata yana cire abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya taɓa, har ya ƙara da lafiyayyen nama kewaye da shi. Abin da ido ba ya gani, shi ake bi da gashi.

Kuma ba kowa ake turawa ba. Bayan tiyata ana kai tsokar da aka cire ɗakin gwaji a yanka ta siriri-siriri a duba da madubin likita. Idan ƙarin ƙarami ne, bai yi zurfi ba, an yanke shi da tazara mai kyau, wuya kuma fes, sau da yawa tiyatar kaɗai ta isa. Amma idan ya yi girma ko zurfi, ko ya bi jijiya, ko ya shiga ƙwayoyin kaluluwar wuya, ko an same shi dab da bakin yanka, to ana ƙara gashi. Idan kuwa an same shi a kan bakin yankan kansa, ko ya fasa fatar ƙwayar kaluluwa ya fito waje, a nan ne ake haɗawa da kemo, yawanci maganin da ake kira cisplatin. Manyan bincike biyu da aka wallafa a 2004, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka, su suka nuna cewa a irin waɗannan masu haɗarin, haɗa biyun ya fi gashi kaɗai hana ciwon dawowa a wurin. Saboda haka ki nemi takardar sakamakon gwajin nan, ki ce wa likita: “Wanne daga cikin waɗannan aka gani a na Baba?” Amsarsa ita za ki kai wa Baffa. Kemo kuma sai an auna ƙoda da ƙarfin ji da jini kafin a yanke, don cisplatin yana taɓa ƙoda da kunne.

Maƙwabcinku Allah ya jiƙansa. Abin da ke faruwa a ƙasarmu shi ne, yawancin masu daji ba sa isa asibiti sai ciwon ya ci jiki, bayan an sha jiƙe-jiƙe an gaji, saboda maganar nan da ta zauna a zukatan mutane cewa daji ba ya son ƙarfe. Irin waɗannan ana yi musu gashi ne don a rage zafi, ko a tsayar da jini, ko a buɗe hanyar abinci. Idan kwana ya ƙare sai unguwa ta ce gashi ne ya kashe shi, alhali ciwon ne ya riga ya yi nisa. Na Baba daban ne: an cire ƙarin, ana neman warkewa ne gaba ɗaya. Ba wanda zai ba ku tabbaci, waraka ta Allah ce, amma gashi bayan tiyata yana rage yiwuwar dawowar ciwon ƙwarai. Ba kuma sabon abu ba ne da ake gwaji da mutane. Sama da shekara 100 ke nan ana maganin daji da haske, kuma kusan rabin masu daji a duniya suna bukatarsa a wani mataki na jinyarsu.

Goggo kuma ta kwantar da hankalinta. Hasken daga na'ura yake fitowa, da an kashe ta ya ƙare, ba ya zama a jiki. Baba zai fito daga ɗakin ya ɗauki jikansa, ya ci abinci kwano ɗaya da iyali, mai ciki ma ta zauna kusa da shi. Dajin kansa ma ba a ɗaukarsa. Idan an haɗa da kemo, shi ne ma za a kare daga masu mura da tari, saboda garkuwar jikinsa takan yi ƙasa.

Aikin wannan makon shi ne likitan haƙori, kuma ina roƙonki kada ki raina shi. Gashi yana rage jinin da ke shiga ƙashin muƙamuƙi, ragewar kuma ta har abada ce. Idan aka cire haƙori a ƙashin da ya sha haske, ko bayan shekara biyar ne, ramin yana iya ƙin rufewa, ƙashin ya mutu, ya riƙa ruwa da wari, har a kai ga wata tiyatar. Ba kowa yake samu ba, kaɗan ne, amma wanda ya samu yana shan wuya, kuma mafi yawansa abu ne da ake iya kaucewa. Shi ya sa ake duba baki tun kafin a fara, a ɗauki hoton muƙamuƙi, a wanke haƙora, a cike na cikewa, wanda ya ruɓe ko yake girgiɗi a cire shi, a bar dasashi kwana 10 zuwa 14 ya warke. Ki lissafa da kanki ki ga idan aka kai mako mai zuwa ba a je ba, lissafin sati shidan ya rushe. Bayan gashi kuma, dokar da Baba zai riƙe iya rayuwarsa ita ce ba mai cire masa haƙori, ko a kemis ko a kasuwa ko a asibiti, sai ya faɗa cewa an taɓa yi masa gashi a baki, an kuma tuntuɓi likitansa.

Ga yadda abin yake gudana. Ranar farko ba a haska komai. Zai kwanta rigingine, a ɗauko wata roba mai raga-raga da aka tausasa da ruwan ɗumi, a shimfiɗa masa a fuska har kafaɗa, a danna ta bi hanci da haɓa, cikin 'yan mintuna ta sandare ta ɗauki siffarsa. Yana numfashi ta cikinta, yana jin magana. Da ita za a riƙa maƙale kansa a jikin gado kullum don kada ya motsa, hasken ya sauka inda aka auna daidai. Wasu dattawan wannan robar ta fi ba su tsoro a kan komai, to ki gaya masa tun a gida, ya shiga da tasbihinsa a zuci. Daga nan kullum Litinin zuwa Juma'a, zama 30 zuwa 33, jimillar hasken, a ma'aunin da likitoci ke rubutawa Gy, 60 zuwa 66. Kowane zama minti 15 zuwa 20 ne, mafi yawansa gyaran kwanciya. Ma'aikata za su fita su bar shi, suna kallonsa ta kyamara, na'urar ta kewaya kansa tana ƙara. Ba zafi, ba ƙuna, ba ya jin komai a lokacin.

Wahalar daga baya take zuwa, kuma ba zan rage miki ita ba. Sati na farko da na biyu zai ce ashe abin ba komai. Wajen ƙarshen na biyu zuwa na uku bakin zai yi ja, ya fara sulluɓewa, gyambuna su fito a kumatu da harshe da maƙogwaro. Yawu ya yi kauri yana yauƙi, ya dame shi da dare. Ɗanɗano ya gudu, nama da tuwo duk su zama ɗaya, wani ma ya ce ƙarfe yake ji a bakinsa. Fatar wuya da kumatu ta yi duhu, ta bushe, wani wurin ta saɓule, musamman a lanƙwasar wuya da bayan kunne. Ga kasala. Sati na biyar da na shida su ne ƙololuwa, kuma abin yakan ci gaba har sati ɗaya zuwa biyu bayan an gama kafin ya juya. Gyambunan baki sukan warke cikin sati huɗu zuwa shida da gamawa, ɗanɗano kuma ya dawo a hankali cikin watanni.

Akwai abu ɗaya da likitoci kan faɗa a gurguje amma dattijo ba ya ɗaukarsa ƙarami: gemu da saje za su zube a inda hasken ya bi, kuma a wurin da ya sha da yawa mai yiwuwa ba za su sake tsirowa ba. Sumar kai ba ta zubewa, sai dai ɗan wajen ƙeya. Ya ji daga bakinki tun yanzu ya fi ya gani a tafin hannunsa wajen alwala.

A sati na huɗu ne iyalai da yawa suke karaya. Sun ga mutum ya rame, ba ya iya haɗiye ruwa, sai wani ya ce a kai shi gida ya huta kwana goma. Wannan hutun ciwon yake yi wa amfani, domin ƙwayoyin da suka rage suna farfaɗowa a duk ranar da aka tsallake. Wanda ya tsaya a rabi ya sha wahalar, bai sami cikakken amfanin ba. Idan na'ura ta tsaya ko hutun gwamnati ya faɗo a tsakiya, ki tambayi likita yadda za a rama ranakun. In kuwa zafi ne ya yi yawa, maganin zafi ake ƙarawa. Ana farawa da farasitamol, a hau sama, har ruwan mofin idan ta kama, a ba shi rabin awa kafin cin abinci. Kada kowa ya tsorata ku da cewa mofin na masu mutuwa ne ko zai zame masa jaraba. A hannun likita, na 'yan makonni, shi ne ke sa mutum ya iya ci ya ƙarasa gashinsa.

Abinci shi ne fagenki. Burin shi ne kada nauyinsa ya faɗi, don idan ya rame sosai robar fuskar ma sai ta yi masa yawa, a sake aunawa. Ki auna shi duk mako a kan sikeli ɗaya, ki rubuta. Kaɗan-kaɗan sau shida ko takwas a yini ya fi kwano uku. Kunun gyaɗa da madara, alala mai laushi, faten wake da aka dama ya yi lugub, dafaffen ƙwai da aka murƙushe a miya, kifi marar ƙaya, faten dankali, ayaba, gwanda, fiya. Tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa yana wucewa da sauƙi saboda yauƙin, ki zuba mai ko man shanu ki ƙara masa ƙarfi. Fura a dama ta sosai a tace, da madara ko kindirmo marar tsami. Komai ya huce kafin ya kai baki. Yaji da barkono da citta, kunun tsamiya, zoɓo, lemon tsami, tsire, ƙuli-ƙuli, soyayyen abu mai kaifi, duk a ajiye su sai baki ya warke. Idan yana son zuma ya sha, tana sanyaya wa wasu, amma ya kurkure baki bayanta, kuma ban da mai ciwon suga sai da izinin likita. Idan duk da haka ci ya gagara, za a ce a sa masa robar abinci ta hanci ko ta ciki. Ku yarda da wuri. Ta wucin gadi ce, ana cirewa. Ko da robar, ya riƙa haɗiyar wani abu kullum, ko ruwa ne, don maƙogwaron da ya daina aiki yakan sandare.

Wankin baki kuwa, cokalin shayi ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a haɗa sabo kullum, ya kurkure ya zubar bayan kowane ci da kafin barci, in ya yi kowane awa biyu ma ya fi. Kanwa ba ta maye gurbin bekin soda. Buroshi mai laushi irin na yara da man goge baki mai fuloraid. Asuwaki mai tauri ya dakata. Ruwan kurkure baki na kanti mai sinadarin barasa yana ƙara raɗaɗi. Idan kika ga farin abu ya lulluɓe harshe ko kumatu, ki nuna wa likita, ƙwayar cuta ce da take da magani mai sauƙi. Fata kuma ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a dangwala tawul ba gogewa, a shafa man da ma'aikatan suka amince da shi. Ban da turare a wuya, ban da man zafi, ban da aska, wanzami ya yi haƙuri da wurin. Riga mai sakin wuya, da inuwa.

Taba kowace iri ce, ta sha ko ta gari da ake cusawa a leɓe, ta ƙare ke nan. Tana cikin manyan abubuwan da ke jawo dajin baki, tana ƙara gyambon, tana kuma rage aikin gashin. Goro ma ya bari, tauri gare shi ga baki mai rauni. Addu'a da tofi a yi ta yi. Abin da nake hanawa shi ne garin magani da ake barbaɗawa a rauni, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, balle ga mai shan cisplatin da ƙodarsa ke cikin aiki. Idan azumi ya riske shi a tsakiya, Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama daga baya.

Zazzaɓi da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, musamman in ana kemo, ko yini guda bai iya shan ruwa ba, ko fitsari ya ragu sosai, ko jini daga baki, ko numfashi ya yi wuya, ko yana sarƙewa da tari duk lokacin da ya haɗiya: waɗannan ba a jiran safiya, asibiti za ku nufa.

Abin da kan daɗe bayan an gama shi ne bushewar baki, domin hasken yana taɓa halittun da ke samar da yawu. Wani yana samun sauƙi cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wani ya zauna da ita. A zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, da iskar hunturu, gorar ruwa za ta zama abokiyar tafiyarsa har rumfar kasuwa. Rashin yawu kuma yana ruɓar da haƙori da sauri, don haka alewa da shayi mai suga da yawa ba nasa ba ne, ganin likitan haƙori kuma duk wata shida. A nan irin na'urar tana da tasiri. Akwai salon da ake kira IMRT, wanda ke lanƙwasa hasken ya kauce wa halittun yawu na gefen kunne gwargwadon iko. A wani bincike da aka yi a Birtaniya kan masu dajin maƙogwaro, aka wallafa a 2011, bayan shekara guda kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsohon salo suna fama da bushewar baki mai tsanani, a masu IMRT kuwa kashi 38. Ki tambaya ko cibiyar da za a tura ku tana yi. Amma kada neman sa ya sa ku ƙara wata guda kuna jira, farawa a kan lokaci ya fi muhimmanci.

Muƙamuƙi ma yakan ɗaure. Gwajinsa mai sauƙi ne: ya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Tun daga yanzu ya riƙa wage baki iya iyawarsa sau da yawa a yini, yana juya wuya hagu da dama, ya ci gaba har bayan an gama da watanni. Ƙasan haɓa yakan kumbura da safe ya sabe da rana. Halittar gaban wuya, wadda in ta kumbura ake ce maƙoƙo, takan yi sanyin aiki bayan shekara ɗaya ko fiye, a ga mutum da kasala da jin sanyi. Gwajin jini sau ɗaya a shekara yana kama ta, ƙwaya ɗaya a rana tana gyarawa. Za kuma ki ji ana cewa gashi da kansa yana jawo wani dajin. Yana yiwuwa bayan shekaru masu yawa, amma yiwuwar ƙarama ce ƙwarai in aka gwada ta da haɗarin wanda ake yaƙa yanzu.

Cibiyoyin gashi a ƙasar nan kaɗan ne, layi kuma dogo. Likitocin sashen daji na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe za su gaya muku inda ya dace, ko Zariya ne ko Abuja ko wani wurin. Kafin ku hau mota a buga waya a tabbatar ana aiki kuma an ba ku rana. Ku tafi da takardar tiyata, da sakamakon gwajin tsoka, da duk hotunan da aka ɗauka. Ku yi shirin zaman kusan wata biyu, da masauki kusa da asibiti da wurin girki, da mutum na biyu da zai riƙa karɓarki, don jinyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ku tambayi jimillar kuɗin tun farko a tara shi, kada ya yanke a tsakiya. Ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti da inshorar lafiya, in yana da ita, duk a ƙwanƙwasa.

Kin ce Baba bai ce komai ba. Mutumin da aka yanke wa gefen harshe magana tana yi masa nauyi, sai a yi ta yanke hukunci a kansa yana zaune. Ki same shi ku biyu bayan sallar asuba, ki gaya masa duka, amfanin da wahalar, har maganar gemun, in magana ta yi wuya ki ba shi takarda ya rubuta. Jikinsa ne, shi zai kwanta a gadon nan sau talatin. Baffa kuma kada ki yi musu da shi a gaban mutane, ba za ki ci riba ba. Ki ce masa: “Baffa, likita yana son ganin babba a gidan kafin a yanke magana.” Ki riga ki sanar da likitan abin da ake tsoro, Baffa ya yi tambayoyinsa da bakinsa ya ji amsa daga mai ita. In da hali a yi wannan zaman da ganin likitan haƙori rana ɗaya, cikin makon nan.

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa.